Kujera Mai Lamba 214 da Lemar Uwargida

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya zo muku a karkace. Da hannun hagu nake yin sa, na daman ya tafi yajin aiki. Jiya ya kwashe kusan awa uku a sama, riƙe da lemar uwargida mai jajayen furanni, a tsakiyar zauren jarrabawar jami'a, ni kuma ina tsaye cikin kayan aikin da ba nawa ba, wandon ya tsaya mini a ƙwauri. Shekarata hamsin da takwas, ina da furfura, ina da hawan jini, ina da ɗan mutuncina a unguwa. Duk da haka, tun da na fara wannan shafi ban taɓa zama na rubuta shi da nishaɗi irin na yau ba, don haka ku gyara zama.

Abin ya samo asali ne shekara huɗu da suka wuce. Mai Girma Mai Almakashi, wanda Allah ya hore wa baiwar yanke ƙyallen buɗe gini fiye da kowa a zamaninsa, ya ce ya gaji da makarantu masu kama da kwalin ashana. Shi gini yake so wanda idan jirginsa ya gifta ta sama zai taɓa na kusa da shi ya ce, "Ka ga wancan? Ni ne." Nan da nan aka ɗauko wani gwanin zanen gine-gine daga nesa, irin masu ɗora tabarau a goshi maimakon ido, ya zana zaure mai siffar buɗaɗɗen littafi. Shafi a dama, shafi a hagu, har da layi-layi da aka shafa da baƙin fenti a kan rufin, wai rubutu. Ni da kaina na ga hoton a kalanda na ce tubarkalla, domin daga sama babu mai cewa ba littafi ba ne.

Sai dai mu da ba mu da jirgi ta ƙofa muke shiga. Tagogin gilashi ne daga ƙasa har sama, kuma ba sa buɗewa, saboda an yi su ne don na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar tana jiran wuta, wutar tana jiran janareta, janareta yana jiran mai, man kuma yana can gidan mai inda nake bin layi tun ranar Litinin. Kujerun an ɗaure su a ƙasa da ƙusoshi, kada ɗalibai su ɓata wa gwani tsarinsa. Rufin kuwa, ku ɗauki littafi ku buɗe shi ku kwantar da shi a bayansa, ku zuba masa kofin ruwa. Ina ruwan zai nufa? Na yi wa autarmu wannan tambaya tana cikin wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Tsakiya mana, Baba." Gwanin da ya zana ginin digiri uku gare shi.

Layin kujerun da ke ƙarƙashin wannan tsakiya, kujera ashirin ne, ɗalibai suna kiran sa Bakin Kogi. Ta ƙarshe a layin ita ce mai lamba 214, kuma ita ce kujerar 'yata ta fari.

Injiniya muke ce mata a gida, tun ranar da ta kwance mana kan famfo tana 'yar shekara shida don ta ga inda ruwa yake kwana. Sunan ya bi ta, ta shiga jami'a tana karanta injiniyancin ruwa. Bara ya kamata ta gama. Jarrabawarta ta ƙarshe a kan magudanan ruwa ce, kada ku yi dariya tukuna, ta zauna a kujerarta ta cika shafi goma sha ɗaya, sai sama ta sako. Kafin a karɓi takardar ta koma kamar tsumman da aka tsoma a bula. Mai dubawa ya rubuta cewa ba ta karantuwa, ya ba ta sifili. Dokar makarantar kuma ta ce wanda ya faɗi darasi ɗaya sau biyu, a sallame shi, ko da saura kwana ɗaya ya gama. Bana ce damarta ta ƙarshe, a wannan zaure, a wannan kujera, da tsakiyar damina.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni. Yarinyar da ke cika mana gida da gardama ta yi shiru. Sai ta ajiye littafi ta fito tsakar gida ta tsura wa sama ido, ta fi manomi sanin inda hadari yake haɗuwa. Shekara shida na karatunta, da ɗinkin da uwarta ta yi ta yi har idonta ya fara gaza zura allura, duk sun rataya a kan ko gajimare zai ga dama ya wuce.

Na ce rigakafi ya fi magani, na goge babbar rigata na nufi ofishin Jami'in Jarrabawa.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo," na ce masa. "A matsar da yarinyar nan kujera ɗaya tak, hagu ko dama, duk wanda ya sawwaƙa."

"Baba, ba mu ke raba kujeru ba, na'ura ce. Lambar ɗalibi ita ce lambar kujerarsa har ya bar makarantar nan."

"To a roƙi na'urar."

"Babu wuta."

"To ta shiga da lema."

Ya jawo wata takarda ya karanto mini kayan da aka yarda a shiga da su: biro, fensir, rula, na'urar lissafi, katin shaida. "Ka ji lema a ciki? Lema tana da ciki, Baba, ana iya rubuta amsa a cikinta. Satar amsa kake so mu halatta?"

"Bokiti fa, a ɗora mata a gefen tebur?"

"Bokiti ba namu ba ne, na ofishin gine-gine ne."

Ofishin Yallaɓai Babban Mai Kula da Kyawun Gine-gine yana cikin wani tsohon gini mai rufin kwano, irin wanda aka yi tun kafin a haife ni, ruwa na sauka a kansa ya gangara waje kamar yadda Allah ya tsara. A bushe yake ƙayau. A kan teburinsa akwai ɗan ƙaramin zauren da aka sassaƙa aka rufe cikin akwatin gilashi, kusa da shi kuma lambar yabon da ginin ya ciyo. Na gaishe shi har ƙasa, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Yoyo?" ya ce. "Dattijo, wa ya gaya maka yana yoyo?"

"Takardar 'yata, ranka ya daɗe."

"Kwamiti ya hau rufin nan ya duba, ya rubuta rahoto shafi tamanin. Babu yoyo."

"Yaushe suka duba?"

"Da rani, lokacin da hawa ba shi da haɗari."

Na ce, "Allah ya ƙara wa kwamiti basira. Amma ai an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Madalla!" ya ce, har da buga tebur. "Ni ne mai ɗakin, kuma ban san ko'ina ba."

Batun bokiti kuwa, ya ce yarjejeniyarsu da gwanin zane ta hana a saka duk wani abu da zai sauya wa ginin kamanni. Ya raka ni har bakin ƙofa, ya ba ni kyautar kalanda.

Na dawo gida ina jan ƙafa, na tarar da maƙwabcina Kafinta a bakin shagonsa yana haɗa ƙofa, ƙusoshi uku a bakinsa. Na zauna a bencinsa na zayyana masa komai. Mutumin nan ya yi ta dariya har ƙusoshin suka zube, ni kuwa raina ya fara ɓaci.

"Yi haƙuri, Malam Mai Alƙalami," ya ce yana share ido. "Ai ruwa ba ya tsami banza. Ni na buga rufin nan da hannuna. Gwanin bai manta da ruwa ba, ya sa bututu mai kauri kamar cinyata, daga tsakiyar littafin ya sauko ta gaban ginin. Ana gobe za a buɗe, sai ga wani na hannun daman Mai Almakashi da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya ya kalli bututun ya ce, littafin Mai Girma ne zai fito a hoto da majina a hanci? A cire! Muka cire, muka toshe ramin da siminti, aka ce bayan biki za a mayar."

"Shekara huɗu kenan. Bututun yana ina?"

"Na ga mai kama da shi sak a jikin garejin wani babba, amma ka san bututu duk kamarsu ɗaya."

Daga nan ya shiga shago ya fito da wata takarda da ta sha maiƙo. Tun lokacin ginin aka ba shi ita, da hatimi da sa hannu. Ta ce duk sa'ar da rufi ya buƙaci kulawa, kafinta da yaronsa su shiga da kayan aikinsu, ko da ana jarrabawa, da sharaɗin ba za su yi magana da ɗalibai ba. Da yake rahoto ya ce rufin lafiyarsa lau, babu wanda ya tuna ya soke ta.

"Yarona ya tafi ganin gida," ya ce yana auna ni da ido. "Ka iya ɗaukar tsani?"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na duba hagu na duba dama, na ga babu wani ƙadangare sai ni.

Uwargida ta riƙe haɓa da ta ji. "Baban Injiniya, da girmanka da furfurarka?" Sai ta shiga ɗaki ta fito da lemarta. "Ita ce ta fi faɗi a gidan nan. Idan ka karya mini ita, kada ka dawo." Injiniya kuwa kamar ta yi kuka. "Baba, don Allah kada ka yi mini haka, a gaban 'yan ajinmu duka?" Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ba inda za ni, yaron Kafinta ne zai je, in ta gan shi ma kada ta gaishe shi.

Jiya da safe hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kamar shi ma an ba shi jadawalin jarrabawa. Muka isa ƙofar zauren, Kafinta a gaba da tamfol a kafaɗa, ni a baya da tsani da lema. Mai gadi ya karanta takardar, ya kalle ni, ya sake karantawa.

"Wannan yaron naka ai ya girme ka."

"Ƙwaƙwalwa ce ba shi da ita," in ji Kafinta. "Shekara arba'in yana koyo, har yau ƙusa ba ya iya bugawa daidai."

Na haɗiye wannan, na ajiye ta don wata rana.

Mai sa ido a jarrabawar wata malama ce siririya, ta sha kwalliyarta tsaf, amma a ƙafarta takalmin roba ne dogo irin na masu aikin lambu. Ina ganin takalmin nan na san mun samu 'yar gari. Ta duba takardar ta ce, "Tsani na gane, tamfol na gane. Lema kuma kayan aikin kafinta ce?"

"Malama," in ji Kafinta, "a duk kayan da aka taɓa kawo wa rufin nan, ita kaɗai nake da tabbacin za ta yi aiki."

Ta yi tari don ta ɓoye dariya. "Ba magana, ba leƙen takarda. Ku shiga."

Kafinta ya ɗaure tamfol daga ginshiƙi zuwa kan tsani, ya rufe kujera goma sha tara na Bakin Kogi, tamfol ɗin ya ƙare daidai kafaɗar mai lamba 213. Na je na tsaya a bayan ta ƙarshe. Injiniya ta sunkuyar da kai kamar ba ta taɓa ganina ba, kunnuwanta kawai nake gani.

Minti ashirin da farawa aka ji ƙwal a kan tebur. Sai ƙwal-ƙwal. Sai littafin Mai Girma ya fara karanta mana abin da ke cikinsa. Na danna lema ta buɗe fal, jajayen furanni suka bazu a tsakiyar zauren da ya ci lambar yabo, kawuna ɗari biyar suka juyo lokaci ɗaya. Wani daga baya ya fara tafi, Malama ta harare shi ya daina. Ruwa ya yi ta dukan lemar yana gangarowa ta gwiwar hannuna, yana bin haƙarƙarina, yana taruwa a takalmina. Takardar Injiniya kuwa ko ɗigo. Na ji biron ya fara gudu, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Na amsa laifina, na leƙa sau ɗaya. Tambaya ta uku ta ce: zana magudanar da ta dace da rufi mai kwari a tsakiya, ka bayyana abin da zai faru idan babu ita. Na ga Injiniya ta ɗaga kai ta dubi silin, ta dubi ruwan da ke zuba daga gefen lema, ta yi ɗan murmushi, ta jawo rula.

Ana saura rabin awa ƙofa ta buɗe. Yallaɓai Babban Mai Kula da Kyawun Gine-gine ne, da baƙi uku daga wata ƙasa da ya kawo su ga abin alfahari. Idonsa ya sauka a kan tamfol, ya sauka a kan furannin uwargida, ya buɗe baki da ƙarfi, "Wane ne ya ba da izi..."

Malama ta ɗora yatsa a leɓe. "Yallaɓai, ana jarrabawa. Doka ta hana ɗaga murya, kai ma da sa hannunka a ciki."

Dole ya taho da sanɗa, yana faɗa da raɗa, har ya iso kusa da ni, ya tsaya daidai bakin tamfol. A daidai wannan lokaci Kafinta ya ga ruwa ya taru ya yi wa tamfol ciki, ya sa sanda ya tokare shi daga ƙasa. Ya rantse mini daga baya cewa bai ga kowa a wurin ba, ni kuma ba na ƙaryata maƙwabci. Abin da ya kai bokiti uku ya sauka a kan hular Yallaɓai. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗo ƙarƙashin lemata, yana ɗiga, yana numfashi a kunnena.

To a nan ne aka yi tawa jarrabawar. Lemar nan ta mutum ɗaya ce. Ni kuma shekara hamsin da takwas na yi ina matsa wa manya wuri, ina tashi daga kujera, ina cewa ranka ya daɗe tun kafin a tambaye ni. Wallahi hannuna da kansa ya fara karkata wajensa, ba tare da ya shawarce ni ba. Sai na ga ɗigo ɗaya ya faɗi a kan tebur, tazarar yatsa ɗaya daga zanen Injiniya. Na dawo da lemar kanta gaba ɗaya, na bar Yallaɓai a fili, na raɗa masa cikin ladabi, "Kada ka damu, ranka ya daɗe. Rahoto ya ce ba ya yoyo."

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Baƙin nasa kuwa sun zaci duk cikin zanen ne, ɗayansu har ya ciro waya yana ɗaukar hoto, yana gyaɗa kai, wai bai taɓa ganin ginin da aka shigo da ruwan sama cikin aji don ɗaliban ruwa su gani da idonsu ba. Yallaɓai ya yi musu murmushin dole, ya fita takalmansa suna kuka.

Da aka ce a ajiye biro, Malama da kanta ta zo ta karɓi takardar 214, shafi goma sha huɗu, ta juya ta gaba da baya, a bushe. Ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Shekara uku ina fitar da tambayar nan, Baba, ko Allah zai sa wani babba ya karanta. Yau dai an ba shi amsar a ka."

Matsalar da ta rage ita ce hannuna ya ƙi saukowa. Ya sandare a sama, yatsuna sun kafe a jikin lemar. Ɗalibai suna fita suna kallona suna ƙunshe dariya. Sai Injiniya, wadda na ce kada ta gaishe ni, ta taka kujerar da aka ɗaure da ƙusa ta hau, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi lemar ta riƙe a kaina. Ta juya ta dubi 'yan ajinsu ta ce da ƙarfi, "Wannan babana ne." Aka ɗauki tafi, wannan karon Malama ba ta harari kowa ba. Farin ciki ya cika ni har ya yi mini yawa. Kafinta ya ce ya ga hawaye a fuskata, na ce masa mutumin da ya yi awa uku a Bakin Kogi ba a tambayarsa daga ina ruwa ya fito.

Yau da safe na ji an kafa kwamiti, kuma ban taɓa ganin sun yi sauri irin haka ba. Ba rufin za su bincika ba, yadda aka yi lema ta shiga zaure za su bincika. Allah ya ba su sa'a, in suna son ganin shaida tana nan a rataye bayan ƙofar uwargida, ko ƙarfe ɗaya bai karye ba.

Af, na kusa mantawa. An ce Mai Girma Mai Almakashi ya amince da zanen sabon ɗakin karatu na jami'ar, mai siffar kofin gasa, bakinsa a buɗe yana kallon sama, don a gan shi da kyau daga jirgi. Autarmu kuma ta dage wannan jami'ar za ta shiga baɗi. Ɗazu na wuce na ga Kafinta yana auna katako, na tambaye shi ƙofar wa, ya ce kwalekwale ne, kuma yana son sanin ko yaronsa ya iya tuƙi.